Wari a ɗakin tafi-da-gidanka: nazarin wani sansani bayan guguwar Katrina, da tambayar da ya bari game da hanta

Asalin lamarin: Agusta zuwa Oktoba 2005

A ranar 29 ga Agusta 2005 mahaukaciyar guguwar Katrina ta afka wa gaɓar tekun kudancin Amurka. Ganuwar da ke tare wa birnin New Orleans ruwa ta fashe a wurare da dama, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. Ba a cika wata guda ba guguwar Rita ta biyo baya, ranar 24 ga Satumba. Dubban ɗaruruwan mutane suka wayi gari ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu.

Hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, FEMA, ta sayi ɗakunan tafi-da-gidanka kusan 145,000 a kan dala biliyan 2.7 ko kusa da haka. Mafi yawansu irin waɗanda ake ɗaura wa mota a baya ne a tafi hutun 'yan kwanaki. Amurkawa na ce musu tirela, amma ba irin tamu ta dakon kaya ba ce. Ɗaki ne dogo siriri a kan taya, da gado da ɗan wurin girki da banɗaki duk a ciki.

Wurin da wannan nazari ya bi wani sansani ne a arewacin birnin Baton Rouge, jihar Luwisiyana, da aka buɗe a Oktoba 2005. Fili ne aka zuba wa tsakuwa, aka jera ɗakuna sama da 500 sahu-sahu, babu inuwar kirki. Mazaunansa galibi talakawan New Orleans ne, 'yan haya waɗanda ba su da filin kansu da za a ajiye musu ɗaki. An tsara tallafin na wata 18 ne. Alƙaluman awo da za su zo nan gaba an ɗauke su ne daga irin waɗannan ɗakuna a faɗin Luwisiyana da Misisipi, waɗanda aka saya a zubi ɗaya da na sansanin.

Cikin kowane ɗaki kusan duk katako ne: bango, daɓe, kabad, gado, benci. Ba kuma gundarin katako ba, fulawud ne da allunan garin katako da aka cakuɗa da gam aka matse. Gam mai araha da aka fi amfani da shi ana haɗa shi ne da yuriya da sinadarin fomaldihaid. Zafi da laima suna warware shi sannu a hankali, sai ya riƙa sakin fomaldihaid a matsayin iska marar launi mai yaji a ido da hanci. Sinadarin nan ne idan aka narka shi a ruwa ake kira fomalin, wanda ake adana gawa da shi. Tun tsakiyar shekarun 1980 Amurka ke da doka kan yawan abin da katakon manyan gidajen da ake haɗawa a masana'anta zai fitar, sai dai dokar ba ta shafi ƙananan ɗakunan hutu ba, domin a wurin hukuma su abin hawa ne.

Ana auna wannan iska da yawanta cikin biliyan ɗaya na iskar ɗaki. Gidan da aka saba a Amurka yakan nuna 10 zuwa 20. Daga wajen 100 masu saurin kamuwa suke fara jin yaji a ido da maƙogwaro.

Farkon koke-koke: Maris zuwa Yuni 2006

Da hunturu ya wuce aka fara jin ɗumi, sai ƙorafi ya fara yawa daga sansanoni da unguwanni. Ido na ruwa, maƙogwaro na ƙaiƙayi, ciwon kai da safe, tari da ba ya jin magani, yara na haɓo, masu asma na yawan tashi cikin dare. Wani likitan yara a gaɓar Misisipi ya lura cewa yaran da ke ta dawowa asibitinsa da ciwon hanci da ƙirji abu ɗaya ya haɗa su, wato irin ɗakin da suke kwana.

A Afrilu 2006 FEMA ta sa aka auna ɗaki ɗaya da iyali ke ciki. An samu 1,200 cikin biliyan. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta ƙasar tana ba da shawarar kada a wuce 16 a wurin aiki, ke nan ninki 75. A daidai wannan lokaci ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club ta raba ƙananan na'urorin awo ga mazauna ɗakunan, kuma mafi yawan waɗanda aka auna sun haura 100.

Ma'aikatan FEMA da ke fili sun nemi a faɗaɗa awo. A Yuni 2006 wani lauyan hukumar ya rubuta saƙo cewa kada a fara wani awo sai ofishinsu ya ba da izini, domin da zarar sakamako ya fito ya nuna matsala, nauyin ɗaukar mataki ya hau kan hukumar. Wannan saƙo bai fito fili ba sai bayan shekara guda.

Matakin farko, a buɗe taga: Yuli 2006 zuwa Fabrairu 2007

Abin da aka fara yi shi ne raba takardar shawara. A buɗe tagogi da ƙofa, a sanyaya ɗaki, a rage laima, a daina shan taba a ciki. Wasu da suka matsa da ƙorafi an canja musu sabon ɗaki da tsoho wanda ya riga ya sha iska.

A Satumba da Oktoba 2006 aka gwada shawarar a Baton Rouge, a kan sababbin ɗakuna 96 da babu kowa a cikinsu. A rufe, matsakaicin awo ya kai wajen 1,040. Da aka kunna na'urar sanyaya ɗaki aka bar 'yan kafofin iska a buɗe, ya sauka zuwa wajen 390. Da aka buɗe tagogi duka, ya faɗo zuwa wajen 90.

A Fabrairu 2007 hukumar tarayya mai kula da guba da cututtukan da take haifarwa, wadda ke tafiya tare da CDC, wato cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, ta fitar da rahoto a kan wannan gwaji. Ta ɗauki 300 a matsayin iyakar damuwa, ta ce barin iska ta shiga zai iya sauke awo ƙasa da haka. Iyakar nan ta yajin ido ce na ɗan lokaci. Rahoton bai taɓo zaman shekaru a ciki ba, bai kuma ambaci sankara ba, ko da yake tun 2004 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fomaldihaid a rukunin farko na abubuwan da ke jawo ta a jikin ɗan Adam. Wani babban masanin guba a cikin hukumar, Christopher De Rosa, ya rubuta wa shugabanninsa yana ƙalubalantar rahoton. Sai a Oktoba 2007 aka fitar da gyararre.

A sansanin kuwa, shawarar ta ci karo da yanayin wurin. Bazarar Luwisiyana zafi ne da gumi da sauro, ɗakin kuma ƙaramin akwati ne a kan tsakuwa cikin rana. Uwa mai jariri ko dai ta buɗe taga zafi ya dafa su, ko ta rufe ta kunna na'ura, wadda gwajin ya nuna ba ta fitar da iskar yadda ya kamata. Da dare kuma, a wurin da aka tara ɗaruruwan baƙin juna, ba kowa ke iya kwana taga a buɗe ba. Koke-koke suka ci gaba.

Majalisa ta shiga: Yuli 2007

Ranar 19 ga Yuli 2007 kwamitin sa ido na Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Henry Waxman, ya yi zama a bainar jama'a. An karanta saƙonnin cikin gida na FEMA, har da na lauyan nan. Mazauna ɗakunan sun ba da shaida, shugaban hukumar David Paulison ya amsa tambayoyi. Bayan zaman hukumar ta dakatar da rabawa da sayar da irin waɗannan ɗakuna, ta buɗe layin waya na masu ƙorafi, ta kuma nemi CDC ta auna ɗakunan da mutane ke ciki.

Awon da ya raba gardama: Disamba 2007 zuwa Fabrairu 2008

Daga 21 ga Disamba 2007 zuwa 23 ga Janairu 2008 CDC ta auna ɗakuna 519 masu mutane a Luwisiyana da Misisipi. Matsakaici 77 ne, mafi ƙanƙanta 3, mafi yawa 590. Kusan ɗaya cikin uku ya kai matakin da ke ta da ciwo ga yara da tsofaffi da masu asma. Ƙananan ɗakunan hutu sun fi manyan yawan fomaldihaid. Inda zafi da laima suka fi yawa, ko tagogi ke rufe, awo ya fi hawa.

CDC da kanta ta ja hankali cewa wannan awo na tsakiyar hunturu ne, kuma ɗakunan sun shekara biyu suna sakin abin da ke cikinsu, saboda haka abin da mutane suka shaƙa a bazarar 2006 ya fi wannan. Ranar 14 ga Fabrairu 2008 shugabar CDC, Julie Gerberding, ta ce a kwashe mutane kafin zafi ya dawo, a fara da masu rauni. A lokacin iyalai wajen 38,000 ne suka rage a ciki.

A wannan shekarar masu bincike a ɗakin gwaje-gwajen gwamnati na Berkeley, a jihar Kalifoniya, suka ɓare ɗakuna huɗu suka auna kayan cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Suka gano cewa katakon gam ya yi yawa ƙwarai idan aka kwatanta da ƙanƙantar ɗakin, iska kuma ba ta sauyawa sosai. Allon da ba zai dami kowa ba a babban falo, idan aka kewaye mutum da irinsa ta ko'ina a wuri matsattse, lissafin ya canja.

Kwashe mutane: Maris zuwa Nuwamba 2008

An riƙa mayar da iyalai otal da gidajen haya. A Afrilu FEMA ta ce duk ɗakin da za ta saya nan gaba kada ya wuce 16. A ƙarshen Mayu wa'adin rufe sansanonin ya cika, har da wannan, bayan zaman da aka tsara na wata 18 ya haura wata 30.

Wata ƙungiyar kula da lafiyar yara, Children's Health Fund, tana kai asibitin tafi-da-gidanka sansanin. A Nuwamba 2008 ta fitar da abin da ta gani a katunan yara 261. Kashi 42 cikin ɗari na fama da murar borin jini ko ciwon hanci da maƙogwaro. Kashi 41 na 'yan ƙasa da shekara huɗu na da ƙarancin jini, wanda aka danganta da rashin sinadarin ƙarfe a abinci. Ke nan iskar ɗakin ba ita kaɗai ce damuwar yaran ba, ta tarar da talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki ne ta ƙara a kai.

Kotu, gwanjo da doka: 2009 zuwa 2018

Shari'ar farko a New Orleans, a Satumba 2009, kamfanin da ya ƙera ɗakin ne ya yi nasara. Nuna cewa asmar wani yaro daga iskar ɗaki ta zo ba daga wani abu ba yana da wuya a gaban kotu. A 2012 aka yi sulhu: masu ƙera ɗakunan da 'yan kwangilar da suka kafa su za su biya dala miliyan 42.6 ga mutane wajen 55,000. Idan aka raba daidai, kowa bai kai dala 800 ba, tun kafin a cire kuɗin lauyoyi.

A 2010 gwamnati ta yi gwanjon ɗakuna sama da 100,000, da sitika a jiki mai cewa ba na zama ba ne. Daga baya an ga wasunsu da mutane a ciki, a wurin masu aikin share man da ya malala a tekun yankin a wannan shekarar, da filayen haƙar mai na Dakota ta Arewa. Ɗaki na ƙarshe ya bar New Orleans a Fabrairu 2012.

Ranar 7 ga Yuli 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade abin da katakon gam zai fitar a duk ƙasar, bisa tsarin da jihar Kalifoniya ta fara aiki da shi a 2009. Iyakar fulawud 50 cikin biliyan, allon garin katako 90, MDF, wato allon zaren katako da aka matse, 110. An kammala ƙa'idojin a Disamba 2016, aka fara tilasta su a Yuni 2018.

Tambayar hanta: 2010 zuwa 2023

Duk wanda ya shekara biyu yana shaƙar guba zai tambayi halin da hantarsa ke ciki, tun da ita ce matatar jiki. Amsar ta fito ne daga ɗakunan bincike, yawancinta bayan an rufe sansanin.

Jikin mutum da kansa yana ƙera fomaldihaid kullum, wajen sarrafa abinci da magunguna da kuma gyare-gyaren da ake yi a jikin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, kuma hanta na cikin wuraren da wannan aiki ya fi yawa. Saboda haka ƙwayoyinta a shirye suke. Da zarar sinadarin ya bayyana, wani mai tsaro da ake kira gulutatiyon sai ya cafke shi. Enzayim mai suna ADH5, wato wani sunadari mai sarrafa sinadarai a jiki, ya juya shi zuwa fomet, wanda jiki ke gina sabon DNA da shi ko ya fitar, gulutatiyon kuma ya koma bakin aiki. Akwai mataimaki na biyu, ALDH2, a cikin mitokondiriya, wato injinan da ke ba ƙwayar jiki wuta. A cikin jini, minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa rabin fomaldihaid ya ɓace.

Wahala tana farawa ne idan abin ya fi ƙarfin masu tsaron. Wanda ya taɓa ganin yankin hanta a kwalbar fomalin a ɗakin gwaje-gwajen asibiti ya ga ƙarshen aikin: nama mai laushi ja wur ya koma tauri kamar roba, launinsa ya dushe. Sinadarin yana ɗinke sunadarai da juna, yana manna su a jikin DNA. A ƙwaya mai rai kaɗan ne ke faruwa, amma hanyar ɗaya ce. Gwaje-gwaje a kan ƙwayoyin hantar ɓera da aka ware sun nuna jerin abin da ke biyo baya idan aka zuba musu da yawa: gulutatiyon ya ƙare, burbushin iskar oksijin mai ƙuna ya taru ya fara cin kitsen bangon ƙwayar, mitokondiriya su rasa ƙarfi, sunadaran da suka lanƙwashe su cunkushe. Ƙwayar takan yi ta kiran masu gyara, idan abin ya gagara ta mutu. Idan aka toshe enzayim ɗin nan tun farko, ɗan kaɗan ma ya isa ya yi wannan ɓarna.

Saura a san ko wanda aka shaƙa yana isa can. Tun 1985 an gwada mutane da suka shaƙi 1,900 cikin biliyan na minti 40, jininsu bai nuna ƙari ba. A 2010 ƙungiyar James Swenberg a Jami'ar Karolina ta Arewa ta yi wata dabara: ta ba ɓeraye fomaldihaid mai alama ta musamman, a matakin 10,000, domin a bambanta na waje da na cikin jiki. Tabon mai alamar a DNA ɗin cikin hanci kaɗai aka same shi. A hanta da ɓargo, tabon da aka gani duk na wanda jiki ya ƙera ne. Sinadarin yana da saurin kamawa har ba ya wuce jiƙaƙƙen naman da ya fara taɓawa.

Na cikin jikin kuwa ba abin rainawa ba ne. A 2015 ɗakin binciken Ketan Patel a Kambirij ta Ingila ya samar da ɓeraye marasa ADH5 da kuma wani mai gyaran DNA, FANCD2. Ba a shaƙa musu komai ba, amma cikin makonni ɓargonsu ya gaza, hanta da ƙoda suka lalace. Waɗanda aka yi wa dashen ɓargo suka daɗe, daga baya sankara ta kama su, har da ta hanta. A 2020 aka bayyana yara a Japan da suka gaji naƙasar ADH5 haɗe da raunin ALDH2, irin raunin da mutane wajen miliyan 500 ke ɗauke da shi, galibi a gabashin Asiya. Yaran sun zo da gazawar ɓargo, sankarar jini da tsumburewa. A 2023 masu bincike a Berkeley suka nuna cewa fomaldihaid na danne wani enzayim na hanta, MAT1A, mai ƙera sinadarin da ƙwayar jiki ke sa wa DNA alama da shi.

Hukumomin da suka yi nazarin ma'aikatan masana'antu da masu adana gawa sun ɗora wa shaƙar fomaldihaid sankarar bayan hanci da sankarar jini, kuma har yanzu masana na gardama kan yadda ta biyun ke faruwa. Sankarar hanta ba ta cikin jerin. Shan fomalin kuwa wani babi ne daban: yana ƙona maƙogwaro da ciki, ya tsamar da jini, ya taɓa hanta da ƙoda, kuma yana kisa.

Hukunci

Abu biyu ne suka yi aiki, fitar da mutane daga ɗakunan da kuma rage gubar tun daga gam. Dukansu sun taɓa tushen iskar ne. Shawarar buɗe taga gaskiya ce a ɗakin da babu kowa, lamba 90 ta nuna haka, amma ta ɗora wa mai jego aikin da yanayin wurin ba zai bar ta ta yi ba. Iyakar 300 kuma ta amsa tambayar baƙon da zai shiga ya fita, alhali waɗannan mutane kwana suke yi a ciki shekara da shekaru.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata 20 da suka wuce tsakanin awon Afrilu 2006 da na Disamba 2007. Na'urar awon ba tsada gare ta ba, 'yan sa kai ma sun raba ta. Bazara biyu yara suka yi a ciki, kuma matakin da suka shaƙa a ta farkon, lokacin da katakon ke sabo, ya wuce ba a auna shi yadda ya kamata ba. Wannan giɓi ne ya raunana su a kotu daga baya.

Game da hanta, ina tare da abin da gwaje-gwajen suka nuna. Wahalar da fomaldihaid ke jefa ƙwayoyin hanta a ciki tabbas ce, amma tana zuwa ne idan ya isa gare su da yawa, ko masu tsaronsu suka gaza. Cutar mazauna sansanin a ido da hanci da ƙirji take, kuma ta isa dalilin kwashe su ko ba a sa hanta a lissafi ba. Duk wanda ya kawo wa mai irin wannan matsala maganin wanke hanta ya saki reshe ya kama ganye.

Allunan nan su ne kafintocinmu ke yi wa amare gado da wadirof da su a Kano da Maraɗi, a jera su sababbi fil a ɗaki ɗaya, a ja labule, a rufe taga saboda ƙura, a watan Afrilu. Ɗakin bulo ya fi tirela faɗi da shan iska, don haka ba na cewa awon zai kai na Luwisiyana. Amma idan an buɗe ɗakin jere aka ji ido na yaji, a cire ledojin kayan, a bar tagogi a buɗe na wasu makonni kafin tarewa, kuma kada a kwantar da jariri kusa da sabon kabad. Idan yajin ya ƙi tafiya, kayan ne za a rage a ɗakin.